Yankees na ta shan kashi, ɗana kuma ya daina zama kusa da ni

Assalamu alaikum Yaya. A Bronx da ke birnin New York nake zaune, shekarata 14 a Amurka, tuƙin tasi nake yi. Da ƙwallon ƙafa na taso, ban san komai a besbol ba sai da ɗana mai shekara 11 ya koya mini, har na zo na fi shi zaƙewa a kan Yankees, ƙungiyar besbol ta garin nan. Bara, a 2022, mun sha daɗi, tare muka kalli tauraron ƙungiyar, Aaron Judge, yana kafa tarihi. Bana kuwa, a 2023, tun da Judge ya ji ciwo komai ya dagule. Wannan ya tashi, wancan ya kwanta, har muka yi wasa tara a jere ba nasara. Ina sauraron wasa a rediyon mota, in dawo gida raina a ɓace. Ina zagin 'yan wasa a gaban talabijin. Ranar nan har na daka wa uwargida tsawa don ta yi mini magana ana tsakiyar wasa. Yaron ya daina zama kallo da ni. Shi ma yana buga wa wata ƙungiyar yara ta unguwa, kuma ya daina ba ni labarin wasansa. A bakin mahaifiyarsa na ji cewa ya yi makonni bai yi bugun kirki ba. Yaya, akwai sauran fata a wannan kaka? Ko in haƙura da besbol ɗin nan gaba ɗaya in huta?

Wa alaikumus salam ƙanena.

Tambaya biyu ka ajiye mini a ƙarshen wasiƙarka, amma wadda ta fi su nauyi tana can tsakiya, ka bi ta kanta da sauri. Zan fara da waɗanda ka yi, don na san in ban amsa su ba hankalinka ba zai zauna a kan sauran ba.

Batun fata, gaskiya zan gaya maka: kakar 2023 ta kusa kuɓucewa, kuma gara ka fara sallama ta a zuciyarka tun yanzu. Ranar da aka yi rashin nasara na tara a jere, ƙungiyar na da nasara 60 da faɗuwa 65, tana can ƙasan rukuninta, a bayan Baltimore da Tampa Bay da Toronto da Boston. Rabon Yankees da faɗuwa tara a jere tun 1982. Wasa 162 ake yi a kaka, saura 37 ke nan a ranar, kuma tazarar da ke tsakaninsu da gurbin ƙarshe na shiga wasannin watan Oktoba ta kai kusan wasa 10. Kafin a cike wannan rami sai Yankees sun yi ta ci ba ƙaƙƙautawa, sannan ƙungiyoyi da dama da ke gabansu su yi ta faɗuwa a lokaci guda. Ba abin da ya gagari Allah, amma kada ka jingina barcinka da wannan.

Na san abokan hira za su kawo maka labaran da ake kawowa a irin wannan lokaci. Za su ce Washington ta fara kakar 2019 da nasara 19 da faɗuwa 31, kuma ita ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun gasar. Haka ne, sai dai a watan Mayu suke cikin wannan hali, da wasa 112 a gabansu. Za su ce Atlanta ta rasa tauraronta Ronald Acuña a watan Yulin 2021, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, amma ta ci kofi. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ba sa ƙarasa faɗa shi ne Atlanta ta yi maza ta ɗauko mutum huɗu kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa a ƙarshen Yuli, wato Pederson da Duvall da Soler da Rosario, kuma rukuninta ya yi rauni a shekarar har nasara 88 ta ishe ta zama ta farko. Mu an riga an rufe kasuwa, rukuninmu kuma shi ya fi kowane ƙarfi bana. Ina faɗa maka wannan ne don fatan da ba shi da tushe shi ke cin ranka. Kullum ka kunna rediyo da tunanin yau za a fara juyin, bayan awa uku a sake kwaɗa maka mari. Wanda ya san inda aka kwana ba ya shan wannan marin kowane dare.

Yanzu batun ciwo. Ranar 3 ga Yuni a filin Dodgers da ke Los Angeles, Judge ya bi ƙwallo da gudu ya cafke ta, ya afka wa katanga, jijiyar babban yatsan ƙafarsa ta dama ta yage. Wasa 42 aka yi babu shi, sai 28 ga Yuli ya dawo. Wani zai ce yatsa kawai? Ai mai bugu a kan ƙafar baya yake tara ƙarfinsa kafin ya juya ƙugu ya sake sanda, Judge kuma da dama yake bugu, wannan yatsan ne ke ɗauke da shi. Ka lura da yadda ya ji ciwon: yana ƙoƙarin hana abokan hamayya ci ne, bai yi wa jikinsa tanadi ba. Carlos Rodón, mai jifan da aka ɗauko da kwantiragin dala miliyan 162, bai fara jifa ba sai 7 ga Yuli. Nestor Cortes kafaɗa ta kwantar da shi. Jose Trevino, mai tare jifa a bayan mai bugu, an yi masa aiki a wuyan hannu. Ƙungiyar da aka gina bugunta a kan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta sai asirinta ya tonu. Laifin nan na masu tsara ƙungiya ne, kuma mai goyon baya yana da damar ya faɗi haka da babbar murya. Ni ma ra'ayina ke nan. A 2019 mutum 30 Yankees suka kai jerin masu jinya, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin, amma suka ci wasa 103, saboda waɗanda aka ɗauko daga benci da ƙananan ƙungiyoyi, irin su Gio Urshela, sun tashi tsaye. Bana na benci ba su tashi ba. Wata shekara rijiya ta ba da ruwa, wata shekara a zura guga a jawo laka.

Amma akwai mutum ɗaya da nake so ka tsaya a kansa, Anthony Rizzo, mai tsaron zango na farko. Ba ka faɗi sunayen waɗanda kake zagi ba, amma zan yi mamaki in babu shi a ciki, don rabin garin nan ya zage shi. Kafin ƙarshen Mayu yana cikin waɗanda suka fi kowa bugu a ƙungiyar. Ranar 28 ga Mayu ya yi karo da Fernando Tatis na San Diego, ƙugun Tatis ya daki kansa. Aka duba shi aka ce lafiya, ya koma fili. Daga nan sai ya zama kamar wani mutum dabam. Wata biyu cur, sau ɗaya tak ya buga ƙwallo ta tsallake katanga. Jifan da a da yake gani tun daga hannun mai jifa sai ya riƙa wuce shi. Mutane suka ce ya tsufa, ya ƙare, kuɗi kawai yake ci. Sai ranar 3 ga Agusta aka sanar cewa gwajin likitocin ƙwaƙwalwa ya nuna bugun nan ya taɓa shi, saurin ganinsa da motsinsa ya ragu, aka kwantar da shi. Wato duk tsawon lokacin da ake jifansa da baƙar magana, bawan Allah yana fita kowane dare ya tsaya gaban ƙwallon da ke zuwa da gudun sama da mil 90 a awa, da kan da bai warke ba, shi kansa bai san abin da ke damunsa ba.

To ƙanena, ga inda nake so mu je. Wa ke zaune a gefenka a duk daren da kake cewa wannan ɗan wasa banza ne, ba shi da amfani, a kore shi?

Yaro mai shekara 11 ba ya raba maganar da aka yi a kan mutumin talabijin da wadda za a yi a kansa. Lissafinsa gajere ne, kuma a wurinsa babu kuskure a ciki. Wancan ya kai sanda sau uku bai samu ƙwallo ba, Abba ya ce banza ne. Ni ma ranar Asabar na kai sanda sau uku ban samu ba. Sauran shi ya ƙarasa da kansa. Ba na jin ɗanka ya gaji da besbol, ba na kuma jin ya gaji da kai. Ɓoye maka abin da yake jin zai zubar da shi a idonka yake yi. Shi ya sa labarin ya bi ta wajen mahaifiyarsa, don ya san can ba za a auna shi da sanda ba. Kuma ka tuna shi ya kawo ka wasan nan. Ɗan baƙo a ƙasar nan ba kasafai yake samun abin da zai koya wa ubansa ba, har uban ya zauna ya saurara. Ɗanka ya samu, ya ba ka abin da ya fi so, yanzu yana ganin kyautar tasa ce ke sa ka ɓacin rai da faɗa a gida. Wannan kaya ya yi wa kan yaro nauyi.

Saboda haka ban yarda ka bar besbol ba. In ka bari yanzu, abin da zai fahimta shi ne in abu ya daina ci sai a yar da shi, kuma zai sa kansa cikin abubuwan da ake yarwa. Ka zauna a ciki, ka sake yadda kake zama.

Akwai abin da mu da muka taso da ƙwallon ƙafa muke wahalar ganewa a wasan nan. A can wasa 38 ne a kakar Firimiya ta Ingila, mako guda kana tauna rashin nasara ɗaya, kuma ya cancanci a tauna. Ka ɗauko wannan zuciyar ka kawo ta wasan da ake yi kusan kullum daga ƙarshen Maris zuwa farkon Oktoba. Ba zuciyar da za ta iya wannan. A besbol ƙungiyar da ta ci wasa 100, wadda ake kira gagara-badau, ta faɗi sau 62. Mai bugun da ya samu sau 3 cikin 10 gwani ne, ana rububinsa. Rabon da a ga wanda ya kai 4 cikin 10 a kaka guda a manyan gasannin besbol biyu na Amurka tun Ted Williams a 1941. An gina wasan ne a kan kuskure, gwaninta a cikinsa ita ce mutum ya koma benci ya dawo bayan rabin awa kamar ba abin da ya faru. Kocin ɗanka na nan yana fama ya cusa masa wannan, kai kuma kana warwarewa da dare ba da saninka ba.

Ga labari biyu da za ka ba shi, na mutanen da yake ji da su. Judge ɗin nan da ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 62 bara, ya karya tarihin Roger Maris na 61 da ya tsaya tun 1961, da ya fara fitowa a 2016 sau 84 ya tsaya bugu, sau 42 aka fitar da shi bai ko sa ƙwallo cikin fili ba. Rabi cif. Makinsa na shekarar .179, bai kai 2 cikin 10 ba. Ya rubuta lambar nan a wayarsa yana dubawa don kada ya manta, shekarar da ta biyo ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 52. Derek Jeter kuma, kyaftin ɗin da ya gabace shi, a watan Afrilun 2004 ya tsaya sau 32 a jere bai samu ko ɗaya ba, har 'yan kallon gida suka yi masa ihu a filinsu. Ya yi ritaya da bugu 3,465. Kada ka ba shi waɗannan a matsayin wa'azi, yara na jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa su toshe kunne. Ka tambaye shi ko ya san labarin lambar da ke wayar Judge. In ya sani, ka bar shi ya ba ka.

Kafin wannan duka akwai bashin uwargida. Haushin kaza ka huce a kan dami, kuma na tabbata yaron ya ji tsawar ko da yana ɗaki. Ka ba ta haƙuri da baki, kalma a fili, kada ka tsaya ga sayo tsaraba ka ajiye ka ce ai ta gane. In ya yiwu ka yi inda yaron zai ji. Bai rage maka komai ba a matsayinka na maigida. Sannan ka gode mata da ta riƙe sirrin yaron ta kuma kawo maka shi, ka roƙe ta kada ta bari ya san ta faɗa, don kada ya rufe wannan ƙofar ma.

Rediyon mota kuma, ni ma na yi shekaru a bayan sitiyari a garin nan, na san yadda yake zama abokin dare. Sharhin wasan kansa ba shi da laifi. Shirye-shiryen da ake buɗe layi bayan wasa, mutane su yi ta bugowa suna kumfar baki a kori wane a sayar da wane, su nake so ka kashe. Awa goma kana zaune kai kaɗai, ga cunkoso, ga fasinja mai tsiya, ga fushin mutum hamsin ana ɗura maka a kunne, sannan ka buɗe ƙofar gida da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Judge na da kwantiragin dala miliyan 360 na shekara tara ko an ci ko an faɗi, masu shirin na da tallansu, kai ne kawai ke tashi da hawan jini. In wasa ya ƙare ka sauya tasha, ko ka sa karatu, ko ka yi shiru kawai. In ka iso ƙofar gida a daren da aka faɗi, ka ɗan zauna a mota minti biyar kafin ka hau sama. Wasannin dare da misalin ƙarfe bakwai ake farawa, Magariba na faɗowa a tsakiyarsu a wannan lokaci na shekara. Ka tashi ka yi ta a kan lokaci ko da an cika zanguna uku da 'yan gudu. Yaron zai ga abin da ke gaba da wani, kai kuma za ka dawo da sanyin jiki.

Akwai tambayar da ba ka taɓo ba, ni zan yi, kuma ka yafe mini in na yi kuskure. Akwai kuɗinka a kan wasannin nan? Tun Janairun 2022 da aka fara cacar wasanni ta waya bisa doka a jihar New York, tallanta ya cika ko'ina, kuma na ga 'yan'uwa da suka fara da dala biyar don wasa ya ƙara armashi. Fushin da ya wuce kima a kan rashin nasara wani lokaci daga nan yake tasowa. In babu, alhamdu lillahi, ka manta na tambaya. In akwai, ka san hukuncinta a addini ba sai na faɗa maka ba, ka goge manhajar yau, ka gaya wa wani babba da ka amince da shi, kuma ka sake rubuto mini, don wannan wata magana ce dabam.

To me za ku kalla a wasannin da suka rage? Akwai abin kallo. Gerrit Cole na jifa kamar bai san ƙungiyar na cikin wani hali ba, yana cikin waɗanda ake ambata a kyautar gwarzon mai jifa ta bana, kuma duk bayan kwana biyar yake fitowa. Ku sa ranarsa ta zama ranarku. Ga Anthony Volpe, ɗan shekara 22 da ya taso yana goyon bayan ƙungiyar nan kamar ɗanka, makin bugunsa ƙasa yake amma kusan kullum yana fili, kuma ana ganin yana koyo. An fara ɗauko matasa daga ƙaramar ƙungiyar Yankees da ke Scranton, irin su Everson Pereira da Oswald Peraza, a ga abin da za su iya. Tun daga 1993 Yankees ba su taɓa gama kaka faɗuwarsu ta fi nasararsu yawa ba, shekara 30 a jere zuwa 2022, kuma ko za su tsare wannan bana abu ne da za ku iya bi tare, kuna ƙirgawa a takarda a jikin firij. Ka ga ranar Laraba 23 ga Agusta, daren da aka karya faɗuwa taran nan da ci 9 da 1 a kan Washington, Judge ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau uku, karo na farko a rayuwarsa ta babbar gasa, a kan yatsan da bai gama warkewa ba. Ina fata kun kalla tare. In shi yana ɗaki kai kana falo, wannan asarar ta fi mini ciwo a kan wasa taran.

In kun zauna kallo, ka ɗaukar wa kanka doka ɗaya: ba zagin mutum. Ka ce jifan nan ya yaudare shi, ka ce ya yi gaggawa, ka ce kash. Mafi kyau ma ka mayar da abin tambaya, tunda ya fi ka sanin wasan. Me ya sa ya kai wa waccan sanda? Kai da me za ka jira? Ka mayar masa da kujerar malami da ka ƙwace ba ka sani ba.

Sannan ka je wasansa. Na san ranar Asabar ranar samu ce ga mai tasi, amma awa biyu ba za su karya ka ba. Ka zauna inda zai gan ka, kada ka yi masa ihun gyara daga bayan shingen waya, wannan aikin koci ne. In aka fitar da shi ya waiwayo, to fuskarka yake nema, ka tabbata abin da zai gani a kanta ba irin na gaban talabijin ba ne. A hanyar gida kada ka fara da maganar bugu. In shi ya kawo, ka saurara har ya gama. In kuma ka ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yana runtse ido ko yana cewa ba ya ganin ƙwallo sosai, ka kai shi a duba idonsa, don yara da yawa a wannan shekarun ne ake gane suna buƙatar tabarau.

Tun kafin Asabar ɗin ma akwai abin da za ka yi. A tsallaken titi na 161, daura da sabon filin, inda tsohon filin Yankees ya tsaya daga 1923 har aka daina wasa a cikinsa a 2008, yanzu fili ne na kowa da kowa, Heritage Field. Jirgi mai lamba 4 ko D zai sauke ku a bakinsa. Ka ce masa ya ɗauko safar hannunsa da ƙwallo, ka ce kana so ya gyara maka jifa, don na tabbata har yanzu jifan ɗan ƙwallon ƙafa kake yi. Ku yi rabin awa kuna jefa wa juna. In kun zauna shan ruwa, ka gaya masa cewa maganganun da kake yi a kan 'yan wasa ba daidai ba ne, ka ba shi labarin Rizzo, ka ce ka zagi mutum ashe ba shi da lafiya, kuma ka ji kunya. Kada ka ambaci nasa bugun ko kaɗan. Wataƙila ya yi magana a ranar, wataƙila sai a karo na uku.

Ka gaishe mini da uwargida da ɗan nawa. Ka rubuto bayan mako biyu in ji yadda kuka yi a filin.